Bidiyon minti biyu da rabi, da 'ya'yan mutane 19 a ciki

Wata Litinin cikin watan Nuwamba saƙo ya shigo wayata daga gidan horon wasan ciyalidin da 'yata ke zuwa a nan gefen Dalas, a Amurka. Da manyan baƙaƙe aka rubuta shi, yadda Amurkawa ke yi idan ransu ya ɓaci. Wai duk uwa ko uban da ya sake ɗora cikakken bidiyon wasan ƙungiya a intanet, za a cire 'yarsa daga gasa ta gaba, kuma ko sisi ba za a mayar masa ba. Ba a ambaci sunan kowa ba. Ni dai na san da wa ake, domin ni ce.

Ga yadda aka yi. Ranar Asabar yaran sun yi wasan nuni ga iyaye, wanda ake yi kafin a fara fita gasa. Na ɗauka da wayata daga farko har ƙarshe, na tura wa Hajiya a Zariya ta WhatsApp, don ta ga jikarta. Hajiya ta nuna wa ƙanena, shi kuma ya ga abin burgewa ne, ya ɗora a TikTok, har da canza kiɗa. Kafin wayewar garin Litinin wata uwa a ƙungiyarmu ta ci karo da shi, ta tura wa koci.

Na ji kunya, na kuma ji haushi. Da haushin ya lafa sai na zauna na yi tunani, kuma ga inda na tsaya: dokar tana da kyau, ina goyon bayanta. Dalilin da gidan horon ya bayar ne bai gamsar da ni ba, hukuncin kuma ba a kan mai laifi ya faɗa ba. Sannan masu dokar su ne kan gaba wajen karya ta.

Ga wanda bai san wasan ba, Amurkawa na ce masa ciyalidin, a taƙaice ciya. Asalinsa taya 'yan ƙwallo murna ne daga bakin fili, kuma maza ne suka fara shi, a Jami'ar Minesota a 1898. Wani mutumin Dalas ɗin nan, Lawrence Herkimer, shi ya mayar da shi sana'a da ya kafa ƙungiyar 'yan ciya ta ƙasa, NCA, a 1948. Wanda 'yata ke yi ya rabu da bakin fili tuntuni. Babu wasu 'yan ƙwallo da suke taya wa. Yara 20 ne ke hawa dandamali mai sifirin, a sa musu kiɗa, cikin minti biyu da rabi su yi alkafura, su yi tsalle, su ɗaga juna sama su wurga su cafe, su haɗa dala irin ta gyada da jikinsu, alƙalai su ba da maki. Burin manyansu shi ne gasar duniya da ake yi a Olando tun 2004.

Na san akwai mai tambayar me ya kai 'yar Bahaushiya wannan wasa. Hajiya ma ta tambaya. Shekarunta 10, da dogon wando da riga mai dogon hannu take yi, kuma ita ce mai tsayawa a baya ta tare wadda aka wurga. Wannan zance na wata rana ne.

Wai kada a sace mana salo

Dalilin da aka rubuta a saƙon shi ne sirri. An biya mai tsara wasa kuɗi masu yawa, ya zo da rani ya kwana uku yana koya wa yara, ba a so abokan hamayya su gani su kwaikwaya.

Kafin gasar farko na yarda da wannan. Wanda ya sha wahalar shirya abu yana da ikon zaɓar ranar da zai buɗe shi, kamar yadda tela ba zai so a ga ɗinkin amarya kafin ranar kamu ba. A nan na yi kuskure, ban musa ba.

Amma bayan gasar farko, wane sirri ya rage? Ku shiga zauren gasa ku gani. Da an kira sunan ƙungiya, wayoyi ɗari nawa ne ke tashi sama? Kocin gidan horon da ke hamayya da mu yana zaune a layin gaba da tasa wayar. Kamfanin Varsity, wanda ya mallaki mafi yawan manyan gasannin, yana watsa su kai tsaye a tasharsa ta intanet ga duk wanda ya biya kuɗin wata. Wanda ke son satar salo ba ya jiran TikTok ɗin ƙanena.

Kuma salon ma nawa ne na mutum ɗaya? Takardar makin alƙalai ita ke faɗa wa kowace ƙungiya abin da za ta yi a matakinta: ɗagawa kaza, alkafura kaza, tsalle kaza. Shi ya sa idan ka kalli ƙungiya goma a jere a mataki ɗaya, sai ka rasa wa ya kwaikwayi wa. A 2017 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa zanen layi-layi da ke jikin rigar wasan yana iya zama mallakar kamfanin da ya zana shi, a shari'ar Varsity da wani ƙaramin kamfani, Star Athletica. Wannan riga ce. Ita alkafura ba ta da mai ita.

Kiɗa

Wannan dalili na gaskiya ne, sai dai ƙarami ne. Tun 2016 hukumar wasan ta ƙasa ta fitar da ƙa'ida cewa dole kiɗan da ƙungiya za ta yi wasa da shi ya zama mai lasisi, bayan shekaru ana yanko waƙoƙin mutane ana haɗawa ba izini. Lasisin yin wasa da kiɗa a zaure daban, na yaɗa shi a intanet daban. Dalilin ke nan da za ka ga bidiyon gasa da aka ajiye a tashar Varsity ɗin kanta, yara na ta tashi sama amma shiru kake ji, an cire sautin.

To maganin ai ga shi nan a fili. A cire sauti. Ba sai an tsorata uwa da korar 'yarta ba.

Kuɗina ne, 'yata ce

Wannan ita ce maganar da na fi ji a wurin ajiye motoci, inda iyaye ke tsayawa suna jiran a tashi. Ni ma na faɗe ta ranar Litinin ɗin. Dubban daloli muke kashewa a shekara: kuɗin wata, kuɗin riga, takalmi, kuɗin shiga gasa, otal, man mota zuwa Hustan da Oklahoma. Kai da ka kawo yarinyar ma sai ka sayi tikiti kafin ka shiga ka kalle ta. Bayan duk wannan a ce ba ni da ikon nuna wa duniya abin da na biya?

Da na sake kallon bidiyon a nutse, sai na ƙirga. 'Yata ta fito sosai a wuri huɗu, duka-duka bai kai daƙiƙa 30 ba. Sauran minti biyun 'ya'yan mutane ne. Yara 19 da ban haifa ba, ban tambayi iyayensu ba, wasu ko sunan iyayen ban sani ba.

A gaban kowace riga an rubuta sunan gidan horon ɓaro-ɓaro. Ka rubuta sunan a waya, ga adireshi, ga ranakun horo. Jadawalin gasa kuma a buɗe yake ga kowa, har da zaure da mintin da ƙungiya kaza za ta hau. Wato duk wanda ya ga wata yarinya a bidiyon ya ƙyalla ido a kanta, an riga an gaya masa inda za ta kasance ranar Asabar da ƙarfe nawa.

Akwai wata uwa a ƙungiyarmu da ba ta taɓa shiga hoton haɗaka ba. Idan aka ce a taru, sai ta ja 'yarta su yi wajen bayan gida. Na ɗauka girman kai ne. Bayan abin da ya faru ta same ni a gefen mota, ba faɗa, ba ɗaga murya. Ta ce daga wata jiha suka taso, akwai takardar kotu tsakaninta da uban yarinyar, kuma bai san garin da suke ba. Ta tambaye ni mutum nawa suka kalli bidiyon kafin a sauke shi. Ban iya ba ta amsa ba. 'Yarta ce wadda ake ɗagawa a tsakiyar dala, fuskarta ta fi ta kowa fitowa.

Ko babu irin wannan labari, akwai yaran riƙo da hukuma ke danƙa wa iyalai, waɗanda galibi ba a yarda a yaɗa hotunansu. Akwai kuma iyayen da kawai ba sa so, kuma ba sai sun yi wa kowa bayani ba.

Masu kallon ma a duba su. A watan Fabrairun 2024 jaridar New York Times ta binciki shafukan Instagram kusan 5,000 na ƙananan 'yan mata da iyayensu ke kula da su, da yawansu masu rawa da wasannin motsa jiki. Ta gano tarin maza manya ne ke bibiyar shafukan, suna rubuta abin da baki ba zai maimaita ba, wasu suna musayar hotunan a Telegram. Uwa tana ganin 'yarta ta miƙe ƙafa ɗaya sama bayan wata shida tana fama. Wancan da ke zaune a ɗakinsa wani abu daban yake gani, kuma yana iya tsayar da bidiyon a inda ya ga dama.

Ga kuma faɗuwa. Ba kullum wasa ke tafiya daidai ba. Yarinya ta suɓuce daga hannu, ta tashi tana kuka ta ci gaba. Akwai shafukan da ba su da aiki sai tara irin wannan suna haɗawa don dariya. 'Yar shekara 9 za ta je makaranta ranar Litinin ta tarar 'yan ajinsu sun riga ta gani.

Saboda haka idan uwa ta ce 'yata ce, amsar ita ce gaskiya ne, daƙiƙa 30 naki ne.

Ba ƙasar 'yanci ba ce?

Wani uba a cikinmu, mai son shari'a, ya kawo labarin wata yarinya ta jihar Fensilbeniya. A 2017, tana 'yar shekara 14, ba a ɗauke ta a babbar ƙungiyar ciya ta makarantarsu ba, sai ta yi ashar a Snapchat ranar Asabar daga wani kanti. Makaranta ta dakatar da ita daga wasan ciya shekara guda. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a watan Yunin 2021 alƙalai 8 cikin 9 suka ce makarantar ta wuce gona da iri.

Labarin gaskiya ne, amma bai shafe mu ba. Waccan makarantar gwamnati ce, kuma gwamnati tsarin mulkin ya ɗaure wa hannu. Gidan horo kasuwancin wani ne. Abin da ke tsakaninmu da shi takarda ce da muka sa wa hannu a watan Mayu, yawancinmu a tsaye, yara na jan mu, ba mu karanta ba.

Mai dokar barci

Na je na ɗauko takardar na karanta. Shafi 14 ce. Dokar bidiyo tana ciki, layi biyu. Can gaba kuma akwai wani sakin layi da ya ba gidan horon izinin amfani da hoto da bidiyon 'yata a duk inda ya so, don talla, har abada, ba tare da ya biya ko ya sake tambaya ba. Babu wurin da za ka ce ba ka yarda ba. Ko ka sa hannu a duka, ko ka nemi wani wuri.

Sai na buɗe shafinsu na Instagram. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Kusan kullum sai an ɗora sabo: ƙananan yara a kayan horo, an matso da kyamara, an rage gudun bidiyon, an rubuta sunan yarinya, wani lokaci har da alamar da za ta kai ka shafinta. A buɗe yake, dubban mabiya, ba wanda ya tantance su. Bidiyon da ƙanena ya ɗora daga nesa aka ɗauke shi, fuskoki ƙanana. Nasu kuwa ƙwararre ne ya ɗauka.

Idan tsaron yara ne, haɗarin bai san wa ya ɗora ba. Idan kuma an hana ni ne don bidiyon ya zama na gidan horo shi kaɗai, ya ja sababbin iyaye da shi lokacin ɗaukar 'yan wasa, to a faɗa mini haka kai tsaye. Wannan harka ce ta kuɗi masu nauyi. A 2018 kamfanin zuba jari na Bain Capital ya sayi Varsity a kan kimanin dala biliyan 2.5. Hoton yaranmu yana cikin kayan da ake sayarwa, tun daga ƙaramin gidan horo har sama.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. A 2020 Netflix ta nuna wani shiri a kan ƙungiyar kwalejin Navarro da ke Kosikana, tafiyar kamar awa ɗaya daga nan. Wanda ya fi kowa farin jini a cikinsa, Jerry Harris, an kama shi a watan Satumba na shekarar, aka yanke masa shekara 12 a 2022 kan laifin lalata da ya shafi ƙananan yara. Ta waya yake nemansu, a wurin gasa yake haɗuwa da wasu. A lokacin ne jaridar USA Today ta gano mutum kusan 180 masu alaƙa da wasan da aka taɓa tuhuma da irin wannan laifi, amma hukumomin wasan ba su sa su a jerin waɗanda aka haramta wa ba.

Waɗannan ba baƙi ba ne daga intanet. 'Yan gida ne, masu riga da katin shiga. Shi ya sa duk lokacin da gidan horo ya ce wa iyaye ku ajiye waya, sai kunnena ya tashi. Hana ɗorawa daban, hana ɗauka daban, kuma na ga yadda ake zamewa daga na farko zuwa na biyu a hankali. Yau a ce kada a ɗora. Gobe a ce kada a ɗauka lokacin horo. Jibi a saka labule a tagar da iyaye ke leƙe, wai yara na rasa natsuwa. Ranar da yarinya ta faɗo da ka, koci ya ce ta tashi ta sake, wa zai nuna wa likita yadda ta faɗi? Bidiyon da ke cikin wayar uwa, wanda bai je ko'ina ba, shaida ce. Dokar da za ta taɓa wannan ba zan sa mata hannu ba, ko da a tsaye nake.

A bar yarinya

Batun hukunci gajere ne. 'Yata ba ta da TikTok, ba ta da waya ma. Ni na tura, kawunta ya ɗora, ita za a kora. Kuma duk wanda ya san wasan ya san ba a cire mutum ɗaya. Kowace ɗagawa ta mutum huɗu ce: biyu a gefe, ɗaya a baya, ɗaya a sama. Ka cire ta baya, ukun sun tsaya, dala ta rushe, yara 19 sun shiga gasa da giɓi. A hana ni shiga zaure sau ɗaya, zan ji a jikina, kuma na cancanta.

Manyan yara kuma, 'yan shekara 16 da 17 masu neman gurbi a ƙungiyoyin jami'a, suna buƙatar gajerun bidiyo na abin da suka iya. Wannan ba cikakken wasa ba ne, mutum huɗu ne a ciki. A tambayi iyaye uku, shi ke nan. Ban ga abin da zai hana a rubuta haka a takarda ba.

Na rubuta wa mai gidan horon, na ba da haƙuri a kan nawa, sannan na nemi abu uku: a sa wurin da uwa za ta ce ba ta yarda a yi talla da 'yarta ba, a daina rubuta sunayen yara a shafinsu, a kuma rubuta a fili cewa ɗauka don ajiya a gida ba laifi ba ne. Ta amsa da fara'a, ta ce za ta nuna wa lauyansu. An shiga wata na uku. Bidiyon 'yar matar nan dai an sauke su daga shafin, ita ma sai da ta kai musu kwafin takardar kotu.

Hajiya kuwa ba ta fahimci me ya jawo surutun ba. Ta ce, "Yanzu don na ga jikata shi ne laifi?" Na ce, "A'a Hajiya, ku ba ku yi komai ba, hannun Kawu ne ba ya tsayawa wuri ɗaya." Bayan gasar watan Janairu ban tura komai ba. Na kira ta a bidiyo, na jingina wayar da kwalbar ruwa a kan teburin cin abinci, na kunna wasan a kwamfuta ta kalla ta cikin waya. Hoton na rawa, sauti na yankewa. 'Yata na tsaye tana nuna kanta da yatsa, "Hajiya ga ni nan, ga ni a baya!" Sau uku muka maimaita mata. A na ukun ta ce a tsayar, ta matso da fuskarta har goshinta ya cika wayar, ta ce, "Wannan 'yar da ake jefawa sama, uwarta tana wurin kuwa?" Na ce tana wurin, kusa da ni take zama yanzu.